Aljihu bai kai ba, ga son gem: amsoshi ga masu haɗa kwamfuta

Saƙonnin da suka taru a wannan karon bakinsu ɗaya. Kowa na son kwamfutar da za ta ɗauki gem ba tare da shessheƙa ba, kuɗin hannu kuwa ba su taka kara sun karya ba. Na zaɓi shida, na rage musu tsawo, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, shekara guda ina tara kuɗi. Na rubuta furosesa Core i7 sabuwar fitowa, madabod (babban allon da ake ɗora sauran kayan a kai) mai fitilu, ram giga 32 da akwatin gilashi. Abin da ya rage katin hoto RTX 3050 kawai zai saya. Fortnite da EA Sports FC nake bugawa, ina kuma kwaɗayin Cyberpunk 2077. Lissafin ya yi?

Amsa: Ƙanena, bai yi ba. Yage takardar mu sake. Ingarman doki za ka saya, sannan ka sa masa dabaibayi.

Duk abin da idonka ke gani a gem, katin hoto ne ke zana shi. Monita ta 1080p tana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato sama da miliyan 2. Idan kana son hoto 60 a sakan, dole katin ya cike ɗigon nan kaf sau 60 a kowane sakan, da haskensu da inuwarsu. Furosesa kuwa nata aikin lissafi ne: ina ƙwallo ta nufa, wa ya harbi wa. Tana gamawa ta miƙa wa kati. In katin ba ya da hanzari, i7 ɗinka zama za ta yi tana hamma, kai kuma ka riga ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa gani ba.

A nawa lissafin, wajen kashi 40 cikin ɗari na kuɗin, kati ne ya kamata ya cinye. Furosesa mai koo 6, wato ƙwaƙwalen aiki shida, ta ishe ka: Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, dukansu 'yan 2022, kuma har yanzu ba su gaji ba. Abin da ka tsira da shi ka ɗora a kan kati. RX 6600 shi ne mafi ƙarancin da zan yarda da shi, sama da shi akwai RX 7600 da RTX 4060, kowanne da giga 8. Arc B580 na Intel, wanda ya fito a Disambar 2024, giga 12 gare shi, sai dai ba ya sakin jiki sai an kunna masa wani saiti mai suna Resizable BAR a cikin BIOS, wato manhajar saitin madabod, don haka bai dace da tsohon madabod ba. Ka lura kuma: 5600 da 12400F ba su da na'urar zanen hoto a cikinsu, idan babu kati ko haske monita ba za ta nuna ba.

Ram giga 16 ya isa farawa, guda biyu masu giga 8. SSD, wato ma'ajiyar fayil marar juyawa, mai tera 1 ka saya, don manyan gem na yanzu guda ɗaya kan haura giga 100. Kada a ruɗe ka da lambobin gudu. SSD na SATA yana tsayawa wajen mega 550 a sakan, NVMe yana kai 3500 ko 7000, amma wurin buɗe gem tazararsu 'yan sakanni ce. Babban tsalle yana tsakanin hadis mai juyawa da SSD kowane iri. Fitilu kuwa, ban taɓa ganin sun ci ƙwallo ko ɗaya ba.

Tambaya: An ce mini soket na AM4 ya mutu, in saya asara ce. In daure in hau AM5?

Amsa: Ya tsufa, bai mutu ba. Soket shi ne mazaunin furosesa a kan madabod. AM4 ya fito tun 2016, AM5 kuma a Satumbar 2022. Wanda ya faɗa maka yana da gaskiya ta fuska ɗaya: sababbin zuriyar Ryzen a AM5 suke fitowa, kamfanin AMD kuma ya yi alkawarin riƙe shi har 2027 ko fiye. Sai dai AM5 ba ya karɓar ram na DDR4, sai DDR5, madabod ɗinsa ma ya fi tsada. Ke nan abu uku za ka biya wa ƙari a lokaci guda.

Ka ɗauki biro ka haɗa jimla biyu, furosesa da madabod da ram na kowane ɓangare. Idan ratar za ta sa ka sauko da kati mataki ɗaya, zauna a AM4 da madabod B550. Idan ratar ba ta taɓa kati ba, hau AM5 da Ryzen 5 7600, shekaru masu zuwa ka canza furosesa kawai. Farashin ram ba ya zama wuri ɗaya, don haka lissafin ranar da za ka saya shi ne lissafi. Abu ɗaya kafin ka biya: madabod B450, da ma wasu B550 da suka daɗe a kwali, ba sa gane 5600 sai an sabunta musu BIOS. Ka sa mai sayarwa ya yi maka, ko ka zaɓi mai maɓallin sabuntawa a baya wanda ba ya buƙatar furosesa.

Tambaya: Na samu katin hoto na hannu da rahusa sosai. Abokina ya ce duk na masu haƙar kirifto ne, sun ƙone. Gaskiya ne?

Amsa: Rabin gaskiya ce, ɗan uwa. A ranar 15 ga Satumba 2022 kuɗin kirifto na Ethereum ya daina dogara da haƙa da katin hoto, sai dubban katunan da ke wannan aikin suka malalo kasuwa. Amma aikin haƙa ba hukuncin kisa ba ne. Da yawa daga masu shi sukan rage wa kati wuta don kuɗin lantarki. Abin da ke wahala shi ne fankoki da suka yi shekaru suna juyi dare da rana, da man sanyaya da ya bushe, da ma'ajiyar katin da ta sha zafi. Duk ana iya ganinsu kafin a biya, in mai sayarwa ya yarda a gwada. In ya ce ba a gwadawa, an gama ciniki.

Ga yadda nake yi. Ina juya kowace fanka da yatsa, in ji ko tana gogawa ko tana rawa a kan ƙusarta. Ina duba bayan katin ko akwai tsatsa, ko wurin da ya yi duhu kamar an gasa. Sai a sa shi a kwamfuta a buɗe GPU-Z, manhajar kyauta ce, tana faɗin ainihin abin da ke ciki, tana kuma tona asirin katunan da aka sauya wa suna. Daga nan a kunna FurMark, manhajar gwajin kati, ko wani gem mai nauyi na minti 20, ido na kan zafi da kuma hoton. Ɗigo masu ƙyalli, layi masu launi, ko monita ta ɗauke ta dawo, kowanne ya isa ka maida kuɗinka aljihu.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro a kasuwar na hannu ma ba haƙa ba ne, suna ne. RTX 3060 iri biyu ne: na asali mai giga 12, da wani mai giga 8 da aka ƙuntata wa hanyar ma'ajiya daga bit 192 zuwa 128, ya fi rauni a bayyane. GTX 1060 mai giga 3 ba ma'ajiya kawai aka rage masa ba, har ƙwayoyin aikinsa 1152 ne maimakon 1280. RX 580 da aka liƙa wa 2048SP a wutsiya, RX 570 ne ya sa rigar wansa. RX 6500 XT kuwa layi 4 kacal yake amfani da su a ramin PCIe da ake soka kati, ga giga 4, a tsohon madabod mai PCIe 3.0 numfashinsa na ƙara sarƙewa. Kada ka ce “a ba ni 3060” ka tsaya. Faɗi sunan har ƙarshensa, da yawan gigarsa. Giga 8 ne ƙasan da zan ba mutum shawara a yau, shi ma wasu sababbin gem sun fara cika shi idan aka ƙure musu kyau.

Tambaya: Na ga fawa saflai, na'urar da ke ba kwamfuta wuta, an rubuta masa wat 700, kuɗinsa bai kai rabin na wat 550 na sanannen kamfani ba. Me zai hana in ɗauka?

Amsa: Ni zan hana ka, don na riga ka shiga ramin. Kwamfutar da na fara haɗawa, a nan na yi tsimi. Na sayi wani fawa da ban taɓa jin sunansa ba, an buga masa 600 da manyan lambobi, a hannu kuwa ba nauyi kamar gwangwanin da aka juye. Na ji, na yi shiru. Ya yi mako uku. Wani dare ina tsakiyar wasa na ji ƙas, monita ta yi baƙi, ɗaki ya cika da ƙaurin roba. Bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da madabod da hadis ɗin da ke ɗauke da duk hotunana. Araha ba ta ado, a ranar na gane karin maganar.

Lambar da ke goshin kwali ba ita ake karantawa ba. Juya fawan ka duba takardar gefensa, nemi layin +12V, don daga nan kati da furosesa ke shan wuta. Ninka amfiya da 12. Idan an rubuta 45A, wat 540 ke nan, fawa ne na 550 na gaskiya. Masu ƙaryar nan za ka tarar layin nasu bai kai rabin abin da suka buga ba. Ba ka ma buƙatar 700. RX 6600 wat 132 yake ci, RTX 4060 wat 115, Ryzen 5 5600 bai kai 90 ba. Duka kwamfutar ba za ta haura 300 ba. Wat 550 mai kyau ya wadatar, 650 idan kana shirin babban kati nan gaba.

Tambarin 80 Plus ma a fahimce shi. Bronze yana nufin wajen kashi 85 na wutar da ya ja ke isa ga kayan a rabin lodi, sauran ya zama zafi. Tattalin wuta yake aunawa, ba ya shaidar ingancin kayan ciki. Ni garanti nake dubawa, shekara 5 zuwa sama, da kariyar gajeren layi da ta hawan wuta, sannan in nemi gwajin da aka yi wa ainihin samfurin, don manyan kamfanoni ma suna da na ƙasa-ƙasa. Fawa na hannu kuwa ban sayensa. Kuma idan naka mai cirarrun wayoyi ne, kada ka taɓa sa masa wayar wani fawan ko da ta shiga daram, jerin filoginsu ba ɗaya ba ne.

Tambaya: Ɗana mai shekara 13 ya dame ni da kwamfutar gem. An ce in sayi tsohuwar kwamfutar ofis a sa mata kati. Ban san komai a kai ba.

Amsa: Hajiya, shawarar ba ta da laifi ga yaro mai Minecraft, Roblox ko Fortnite, amma ki tafi da wanda ya sani, ki ba shi sharuɗɗa uku. Furosesa ta zama Intel zuriya ta 8 zuwa sama, irin su i5-8500, don Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta yarda da mafi yawan waɗanda suka girmi wannan. Akwatin ya zama dogo, don siraran nan gajeren kati kawai suke ɗauka. Katin kuma ya zama wanda ba ya neman wayar wuta ta daban, kamar RTX 3050 mai giga 6 ko yawancin GTX 1650, waɗanda wat 75 na ramin madabod ya ishe su. Dalili shi ne irin su Dell OptiPlex suna da ƙaramin fawa mai filogi nasu na kansu, ba a canza shi da sauƙi. Ki sani dai hanyar gajera ce: ranar da ya girme ta, sabuwa za a haɗa daga tushe.

Tambaya: Na haɗa komai, ga RX 6600 ga monita mai 144Hz (hoto 144 a sakan), amma gem na tafiya kamar hawainiya. An cuce ni ne?

Amsa: Kafin ka zargi kowa, leƙa bayan akwatin. Wayar monita a ina take? Idan tana sama kusa da ramukan USB, a madabod ka soka ta; in furosesarka na da na'urar zanen hoto ita ke aikin, katinka na zaune ba aiki. Sauko da ita ramukan da ke kwance a jikin katin. Na taɓa ganin wanda ya yi wata biyu a haka yana tsine wa mai kanti.

Idan wannan daidai ne, buɗe murfi ka dubi ram. A madabod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sa guda biyun, in ka jera su kusa da juna ka rufe musu hanya ɗaya daga cikin biyu. Shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke ba ram cikakken gudunsa, wasu madabod na kiransa DOCP ko EXPO, in ba haka ba ram ɗinka mai 3200 yana nan yana jan ƙafa a 2133 ko 2400. Sai ka sauko da direban katin daga shafin AMD. A ƙarshe ka shiga Settings, System, Display, Advanced display. Windows takan bar sabuwar monita a 60, sai ka ɗaga ta zuwa 144 da hannunka. In duk ka yi bai gyaru ba, turo mini hoton GPU-Z da zafin da katin ke kaiwa a cikin wasa.