Ku Tambaya Mu Amsa: Shin Yadi Zai Iya Riƙe Jirgin Sama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a unguwar Sabon Gari da ke Maradi, kuma na fi shekara 20 ina sana'ar ɗinki. Wani ƙanena ya nuna mini hoton wani ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum biyu, ya ce wai da yadi aka lulluɓe fukafukansa. Ni kuwa na san tamfol ɗin rumfata ma ba ya kai damina biyu sai ya kece. Yaya yadi zai jure iskar sama, kuma shekara nawa yake yi kafin ya mutu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka ya faɗi gaskiya, domin jirgin farko da 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright suka tashi da shi a Amurka a shekarar 1903 da yadin auduga aka lulluɓe fukafukansa, kuma har yau ana ƙera ƙananan jirage a kan wannan tsari. Piper Cub, wanda ya fito a 1938, da Antonov An-2 na Tarayyar Sobiyet mai fukafukai hawa biyu, wanda ya fara tashi a 1947, duk suna cikin masu amfani da yadi, ga shi kuwa wasunsu na nan suna aiki.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, nauyin jirgin yana kan firam ɗin da ke ciki, na bututun ƙarfe ko katako ko alminiyam. Aikin yadin shi ne ya ba fiffiken siffarsa, ya karɓi matsin iska ya miƙa wa haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa. A da, auduga da lilin ake shimfiɗawa, a shafa musu wani ruwan danƙo mai sa su ɗaure kamar fatar ganga. Matsalarsu ita ce laima da fumfuna suna cinye su, saboda haka jirgin da ke kwana a fili bai cika wuce shekara shida ko bakwai ba sai an sake masa riga. A shekarun 1950 da na 1960 aka koma ga zaren foliyesta, ɗan'uwan tetiron ɗin da ka sani a kasuwa, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Ceconite da Poly-Fiber. Shi ba ya ruɓa, kuma da dutsen guga ake ɗaure shi: a fara da zafin digiri 120, sannan a ƙare a wajen 175. Idan aka zarce haka zaren yakan saki, ba kuma zai sake ɗaurewa ba, shi ya sa ake gwada dutsen da ma'aunin zafi kafin a ɗora shi.

Game da ƙarfi kuwa, ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ce sabon yadin auduga mai daraja ta ɗaya dole ne tsirinsa mai faɗin santimita 2.5 ya ɗauki kusan kilo 36 ba tare da ya tsinke ba. Da zarar ƙarfin ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100 na wannan adadi, wato kimanin kilo 25, to yadin ya gama aiki a jirgin da ƙa'ida ta wajabta masa yadi mai wannan daraja. Ka ƙaddara tsiri mai faɗin yatsa biyu an rataya masa ƙaramin buhun shinkafa, wannan shi ne iyakar da ba a yarda a gangaro ƙasa da ita ba. Sabon foliyesta ya zarce wannan ma'auni.

Sai dai kai tela ne, ka san juriyar ja daban take da juriyar kecewa. Ƙato biyu za su ja yadi su kasa tsinka shi, amma da ka ɗan tsaga bakinsa da almakashi sai yaro ma ya raba shi biyu, domin a lokacin zare ɗaya bayan ɗaya ke karɓar ƙarfin. Masu lulluɓe jirgi sun gina aikinsu a kan tsoron wannan ɗan tsagi. Suna ɗinke yadin a jikin kowane haƙarƙari da zare mai kakin zuma da doguwar basilla, suna ƙulle kowane ɗinki shi kaɗai don kada tsinkewar ɗaya ta warware sauran, kuma suna matse tazarar ɗinkin a sashen da iskar farfela ke duka. A kan ɗinkin da kowane gefe mai kaifi ana manna tsirin yadi mai baki kamar haƙoran zarto, saboda irin wannan bakin ba ya warwarewa kuma ya fi kama danƙo. Ramin da tsakuwa ta huda, komai ƙanƙantarsa, ana yi masa faci kafin a sake tashi. Sakaci a wajen manni ya taɓa cin rayuka: a watan Afrilun 1995 shahararren maƙerin jirage Steve Wittman da matarsa sun rasu a Amurka bayan yadin fiffiken jirginsa ya ɓamɓare daga katakon da aka manna shi a kai.

Yanzu ga tamfol ɗinka. A ganina ba iskar damina ce ta kashe shi ba, ita dai ta zo ta tarar da shi ya riga ya mutu. Ranar bazara ce ta cinye shi, kuma ita ce babbar abokiyar gabar foliyesta, domin akwai wani haske a cikin rana da ido ba ya gani wanda ke karya zaren har ya koma kamar takarda. Maganin da ake yi shi ne a shafa wa yadin fenti mai haɗe da garin alminiyam hawa-hawa kafin a sa masa launi. Ana gwada aikin ta hanyar haska fitila a jikin fiffiken a leƙa ta ɗaya ɓangaren, idan haske ya ratsa to shafin bai isa ba. Yadin da ya sami wannan kariya, aka kuma riƙa ajiye jirgin a rumfa, yakan yi shekara 20 ko fiye.

A gari irin Maradi, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu mai goge fenti kamar sanfefa, ba zan dogara da lissafin shekarun ƙasashen sanyi ba. Fenti yakan tsattsage, rana ta shiga ta tsagin ta ci zaren a layi ɗaya, alhali daga nesa jirgin na ƙyalli. Don haka masu duba jirgi suka fi zuba ido a saman fiffike da sashen da aka yi wa launi mai duhu, suna danna shi da wata 'yar na'ura mai auna ƙarfi, in kuma suka yi shakka sai su yanko tsiri, su kankare fentin, su rataya masa nauyi. Suna leƙa ƙananan ramukan da aka bari a ƙasan fiffike don ruwa ya tsiyaye, domin in suka toshe, ruwan damina zai kwanta a ciki ya sa ƙarfe tsatsa ko ya ruɓar da katako, yadin kuwa yana lulluɓe da ɓarnar lafiya lau.