Kaset ɗin DDS-3 mai 24GB ya cika a 13GB: ina matsalar?

Malam, ka ce tsohuwar sabar Linux ta ofishinku da ke Ikeja tana tsayawa da "No space left on device" (wato babu sauran wuri) wajen 13GB in tana kwafe bayanai zuwa kaset ɗin ajiya na DDS-3, alhali an rubuta 24GB a jikin kaset ɗin. Na'urarka lafiya lau take. Ainihin abin da DDS-3 ke ɗauka 12GB ne. 24GB ɗin lissafi ne na cewa na'urar za ta matse bayanai zuwa rabi. Hotunan JPEG, PDF da aka yi sikanin da fayilolin zip kuwa an riga an matse su, ba abin da za ta ƙara ragewa.

Mafita ita ce ka raba aikin kan kaset da yawa da tar, manhajar haɗa fayiloli don ajiya. -M shi ke ba da damar amfani da kaset fiye da ɗaya, /dev/nst0 kuma sunan na'urar kaset ne a Linux:

tar -c -M -L 11500000 -f /dev/nst0 /home

Lambar bayan -L ana ƙirga ta ne da 1024 bayit, wato ƙasa kaɗan da 12GB, sai tar ya nemi kaset na biyu kafin na farko ya ƙure. Kada ka haɗa -M da -z (zaɓin da ke sa tar ya matse bayanai), GNU tar ba ya yarda da haka.

In kaset ya fara cika tun ƙasa da 12GB, wataƙila kan na'urar da ke rubutu a tef ya yi datti: duk inda rubutu bai zauna ba sai ta maimaita shi a gaba, tef yana ta cinyewa. Danshin Legas ma ba ya taimakawa. Sa kaset ɗin gogewa, ka ajiye sauran a cikin kwalinsu a ɗaki mai AC. Tsoffin kaset na kasuwar Computer Village kuma, gwada su da tar -t, mai karanto jerin fayilolin da aka rubuta a kai, kafin ka ba su amana.