Tambaya da Amsa: Wane katako ya dace da baya da gefen jita?

Tambaya: Ni kafinta ne a Zariya, ina son haɗa jita marar lantarki ta farko. An ce sai da rosewood take yin amo. Shin haka ne?

Amsa: Malam, ba haka ba ne. Mafi yawan amon jita daga fuskarta yake fitowa, wato siririn katakon da ke ɗauke da tsarkiya. Baya da gefe gyara murya kawai suke yi. Tun a 1862 Antonio de Torres, wani mahaɗin jita na ƙasar Sifen, ya nuna haka, inda ya haɗa jita da baya da gefe na kwali, kuma ta yi amo.

Duk da haka akwai bambanci. Rosewood na Indiya yana da nauyi, yana ba da murya mai kauri da amo mai jimawa; shi ake sa wa jitar D-28 ta kamfanin Martin. Mahogani ya fi sauƙi, muryarsa a bushe take kuma a tsakiya, kamar ta jitar D-18 ta wannan kamfanin. Rosewood na Brazil kuwa manta da shi, tun 1992 yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa shi cikin jerin da ta fi tsananta wa.

Shawararmu ka fara da sapele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na jihar Delta. Dangin maɗaci ne, yana da araha, kuma manyan kamfanonin jita suna amfani da shi. Sai dai zarensa a sarƙe yake, idan ka feƙe shi da gaggawa zai ɓantare. Ka bi shi da kankara da sanfefa.

A yanka katakon yadda layukan shekarunsa za su tsaya a miƙe idan ka dubi bakin allon, don irin wannan ba ya saurin karkacewa. Baya ya zama kaurin milimita 2.5, gefe milimita 2. Wajen lanƙwasa gefe, ka ɗan yayyafa ruwa, ka ɗora shi kan bututun ƙarfe mai zafin digiri 150 a ma'aunin Celsius ko kusa da haka, kana motsa shi a hankali har ka ji ya saki. Idan ka danna kafin ya yi laushi, a ƙugun jitar, wato inda ta tsuke, zai karye.

Tambaya: Bayan jitata ya tsage a watan Janairu. Laifin katako ne?

Amsa: Yawanci laifin hunturu ne. Ana haɗa jita a laimar iska ta kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, da katako mai danshi kashi 6 zuwa 8. Da busasshiyar iska ta kaɗa, katako ya tsuke ta faɗinsa, sandunan da aka manna a ciki suka hana shi motsi, sai ya tsage. Ka sa gam a tsagar, ka manna ƙananan faci daga ciki, sannan ka riƙa ajiye jiƙaƙƙen soso cikin roba mai huji a akwatin jitar har damina ta faɗi.