Abin da ke kawo bankunan Turawa harkar kuɗin Musulunci

Habu, ka tambaye ni abin da bankunan Turai da Amurka, waɗanda suka ginu a kan kuɗin ruwa, suke nema a harkarmu, da kuma ko za su bar mana wurin tsayawa in sun shigo da ƙarfin jarinsu. Kwantar da hankalinka, ɗana. Sun daɗe da shigowa, wasunsu ma har sun rage kaya.

Kuɗi ne ya kawo su, ba wani abu ba. A 1975 aka buɗe Bankin Musulunci na Dubai da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi na Jidda, lokacin da kuɗin mai ya cika hannun Larabawa, kuma da yawa cikin masu shi ba sa son a juya musu shi da ruwa. Citibank ya kafa bankinsa na Musulunci a Bahrain a 1996, HSBC ya biyo da Amanah a 1998, Standard Chartered kuma ya fito da Saadiq.

To amma ka duba inda suka ci da inda abin ya gagare su. A 2012 HSBC ya janye daga hulɗar Musulunci da ƙananan abokan ciniki a Ingila da Daular Larabawa da wasu ƙasashe, ya tattara ƙarfinsa a Malesiya da Saudiyya. Wanda ya san aikin ba zai yi mamaki ba. Kafin ka buɗe wa mutum ɗaya asusu, sai ka ware kuɗin sashen Musulunci daga sauran kuɗin banki, ka naɗa kwamitin malamai, ka sake rubuta yarjejeniyoyi, ka horar da ma'aikata. Bayan duk wannan ɗawainiya, Alhajin da aka yi dominsa zai tsaya a bakin ƙofa yana tambaya ko ba a tukunya ɗaya ake dafa kuɗinsa da na ruwa ba. A wajen irin wannan mutum, mu muka fi su shiga.

Ribarsu tana can sama, wajen manyan cinikayya, musamman sukuk, wato takardun da ke ba mai zuba jari rabo a wata kadara maimakon bashi mai ruwa. In gwamnati ko babban kamfani na son tara dala miliyan ɗaruruwa, yana bukatar wanda zai tsara takardun, ya san masu zuba jari daga Landan zuwa Kuwala Lamfur, ya kuma iya sayar musu cikin kwana kaɗan. Wannan sana'arsu ce tun kafin a haife mu, kuma akasarin sukuk na ƙasa da ƙasa a kan dokar Ingila ake rubuta su. Gwamnatin Birtaniya ma ta share musu hanya. A 2003 ta daina karɓar harajin sayen gida sau biyu daga wanda banki ya saya wa gida sannan ya sayar masa. A 2014 ta fitar da sukuk nata na fam miliyan 200, tsarin ijara, wato haya, a kan gine-ginen gwamnati, kuɗin da masu nema suka kawo ya ninka abin da ake bukata fiye da sau goma. HSBC da Standard Chartered na cikin waɗanda suka yi dillancin. A shekarar ce Luksambur da Hon Kon da Afirka ta Kudu suka fitar da nasu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido. Ma'aikacin da ya saba da bashi, in ka ce ya tsara sukuk, hannunsa bashi zai koma rubutawa, ya sa masa sunan Larabci. A 2007 Shaihu Taƙi Usmani, shugaban majalisar malaman AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗin Musulunci, ya ce kusan kashi 85 cikin 100 na sukuk ɗin musharaka (haɗin jari) da mudaraba (jarin wani, aikin wani) na lokacin ba su cika sharaɗi ba, saboda an yi wa mai jari alƙawarin dawo masa da uwar kuɗinsa cif, ko an ci riba ko an faɗi. Goldman Sachs ya shirya tsarin murabaha, wato sayen kaya a sayar da ribar da aka bayyana, na dala biliyan 2 a 2011, suka ta yi yawa, abin bai fito kasuwa ba, sai a 2014 ya dawo da wani tsari na dala miliyan 500. Haka cinikin ƙarafan Landan, da ake saye a sayar cikin mintoci don kawai tsabar kuɗi ta fito: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta hana irin wannan shiryayyen tawarruƙi a 2009, amma har yau ana yi. Ba na ɗora laifin a kan Turawa kaɗai, namu ma suna son sauƙin.

Saboda haka in takarda ta zo teburinka, kar girman sunan bankin da ya tsara ta ya ruɗe ka, kar kuma ka tsaya a hatimin malamai. Nemi kadarar. Wa ya mallake ta a zahiri, kuma in ta ƙone ko ta rushe, asarar a wuyan wa take? In amsar ita ce mai jari ba ya asarar komai, kawo mini takardar kafin ka sa hannu.

Gobe ka ɗauko takardun sukuk ɗin gwamnatin tarayya na 2017, na naira biliyan 100 da aka zuba a hanyoyi 25, ka nuna mini sakin layin da ya amsa waɗannan tambayoyi.