Hawan bishiya da igiya ɗaya: amsa ga mai tambayar kaya da wurin ɗauri

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce sana'arka rage rassa da sare bishiyoyi a gidaje da makarantu, ka saba hawa da igiya ninki biyu da ƙullin furusik (zaren da ake naɗawa a jikin igiya, ya zame in an tura shi, ya cije in nauyi ya hau), yanzu kana so ka koma hawa da igiya ɗaya, wanda ake kira SRT. Ka tambayi kayan da za ka fara saya, da kuma wanne ya fi tsakanin ɗaure igiya a gindin bishiya da ɗaure ta a sama. Da ta biyun zan fara, domin a nan rai yake.

A ninki biyu igiya tana zagaya gwafa ta dawo jikinka, nauyinka ya rabu gida biyu, kana jan mita 2 ka hau mita 1. A igiya ɗaya kuwa igiyar tsaye take cak, kai ne ke tafiya a kanta, duk takun da ka yi ka hau shi cif. Shi ya sa ta fi sauri a kan dogon maɗaci ko turare. Amma lissafin nauyi ya canza. Idan ka ratsa igiya ta gwafa ka sauko da ɗaya bakin ka ɗaure a gindi, gwafar nan tana ɗaukar kusan ninki biyu na nauyinka: kai kana ja ta wannan gefe, ɗaurin gindi yana riƙe da kwatankwacinsa ta wancan. Mutum mai kilo 75 da ɗamara da zarto ya kai kilo 90, gwafa na ɗauke da abin da ya kusa kilo 180, tun kafin ya fara taku yana girgiza igiya. Idan ɓangarorin igiyar biyu suka buɗe zuwa digiri 90, nauyin ya sauko kamar ninki 1.4, a digiri 120 ya dawo daidai nauyinka. Saboda haka ratsa igiya ta gwafa biyu ko uku masu tazara ya fi rataye ta a guda ɗaya. Sai dai ka lura da inda ƙarfin ke tura reshen. Itace yana jure dannawa ta tsawonsa, lanƙwasawa ta gefe ce ke karya shi.

Igiya ta zagaya uwar gangar, ta zauna a kan reshe, kada ta rataya a reshen gefe shi kaɗai, don ko reshen ya ɓalle ganga ta tare ta. A ganina duk abin da kaurinsa bai kai santimita 15 ba, a itace mai lafiya, kada ka ɗora masa ranka da ɗaurin gindi. Ga rimi da kuka ma wannan ya yi kaɗan, itacensu taushi gare shi, ba kamar tsamiya ba. Tsohuwar dalbejiya da aka sha datse mata kai takan fito da tofo masu kauri, da kyan gani daga ƙasa, amma a gefen tsohon yanka mai ruɓa suke manne. Ka dubi gwafar da kyau daga ɓangare biyu, ka nemi hanyar gara a jikin ɓawo, da kogo, da kai-komon ƙudan zuma. Daga nan mutum biyu su rataya a kan igiyar daga ƙasa, a saurara ko za a ji ƙara, a ga yadda reshen ke lanƙwasa.

Amfanin ɗaurin gindi shi ne ba sai ka ware gwafa guda ba, kuma in an haɗa shi da na'urar saukarwa, yaran ƙasa za su iya sauko da kai idan ka ji rauni. Wannan yana buƙatar igiya mai tsawon gwafar sau uku: gwafa mai mita 20, igiya mita 60. Aibinsa kuwa, ɓangaren da ya sauka gindi yana ɓuya a bayan ganga, inda zartonka ko reshen da ka saki zai same shi, ko wani a ƙasa ya sare shi da adda yana datsa rassa. Ɗaurin sama ya kawar da wannan, gwafa kuma nauyinka kawai take ɗauka. Ana yin sa da ƙullin bolin mai zarge, ko ƙullin malam-buɗe-littafi da zoben ƙarfe, a ɗaura masa siririyar igiyar warwarewa daga ƙasa. Kada ka zarge da karabina, wato ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa, zai kwanta a kan reshe nauyi ya danne shi ta gefe, inda ba shi da ƙarfi. Shawarata, ka hau da ɗaurin gindi, in ka isa ka ga gwafar da idonka, ka kama ganga da igiyar ƙugu, ka mayar da shi ɗaurin sama kafin ka tayar da zarton inji.

To, kaya. Igiya ta zama marar talewa sosai, mai riga da ciki, kauri milimita 11 zuwa 11.7, mai lambar ƙa'idar Turai EN 1891 nau'in A. Ƙa'idar Amurka ta ANSI Z133 ta sa ƙarfin igiyar hawa kada ya gaza fam 5,400, wato kilonutan 24 (kilonutan ma'aunin ƙarfi ne). Igiyar masu hawan dutse tana talewa kamar roba, kowane taku sai ka yi ta lilo, ƙarfinka ya tafi a banza. Igiyar kasuwa ta ɗaure kaya a mota kuwa ko kusa. Karabina mai kulle kansa, wanda sai an yi motsi uku yake buɗewa, ƙarfinsa aƙalla kilonutan 22. Ɗamara ta masu aikin bishiya mai gadar igiya a gaba, EN 813 da EN 358, ba ta magina mai zobe a baya ba. Hular kwano mai maɗaurin haɓa. Ka sayi duk abin da zai riƙe ranka sabo, mai lambar kamfani da takardarsa, domin jabu ya yi yawa, na gwanjo kuma ba ka san abin da ya gani ba.

Furusik ɗin da ka saba da shi ba zai yi aiki shi kaɗai ba. A ninki biyu rabin nauyinka yake riƙewa, a nan duka ne. Ko dai ya cije ya ƙi sakuwa kana rataye, ko in ka matsa masa ya sake gaba ɗaya, ya yi zafi, fuskarsa ta narke ta yi santsi. Maganin wannan shi ne wani ƙarfe mai suna Rope Wrench, wanda Kevin Bingham ya ƙirƙiro a Amurka. Yana zama a saman ƙullin, ya lanƙwasa igiya, ya ɗebe wani kaso na nauyin, sai ƙullin ya koma yana aiki yadda ka san shi. Ka riƙe wannan: ƙullin ne ke riƙe da ranka, ƙarfen taimako kawai yake yi. Za ka haɗa shi da sandararren mariƙinsa, da ƙaramar puli (ɗan faifan da igiya ke gudu a kansa) a ƙasan ƙulli, da zaren ƙulli mai ido biyu, milimita 8, tsawon santimita 70 zuwa 80, mai jure zafi irin na Technora. Ƙullin Distel ko Michoacan ya fi ƙullin VT saurin cizo ga sabon hannu. Akwai na'urorin ƙarfe zalla, marasa ƙulli, kamar Rope Runner da Akimbo. Na'urar ZigZag ta kamfanin Petzl ba a hawa igiya ɗaya da ita sai an haɗa mata ƙarfen taimako mai suna Chicane. Tunda hannunka ya san ƙulli, Rope Wrench ya fi maka sauƙin kuɗi da sauƙin koyo.

Na tafiya a kan igiya guda uku ne: maƙalin ƙafa irin Pantin (ƙarfe mai zarcewa sama a kan igiya, ya cije in an taka) a ƙafar dama, maƙalin gwiwa mai roba da madaukin ƙafar hagu, da ɗamarar ƙirji mai jan ƙullinka sama. Taku gajeru, kamar hawa bene, jiki a miƙe kusa da igiya, hannu na daidaita ka ne kawai. A mita uku na farko igiya ba ta zarcewa ta maƙalin don babu nauyi a ƙasa, sai yaro ya riƙe maka bakinta. Maƙalai masu haƙora ba a dogara da su don tare faɗuwa, fizga mai ƙarfi tana sa su yage rigar igiya. Kuma ka cire na ƙafa da na gwiwa kafin ka fara sauka ko ka fita kan reshe, in ba haka ba ƙugu ya sauka ƙafa ta tsaya, ka kife.

Sanya igiya a sama kuwa da zaren jifa ne mai milimita 2 da 'yar jaka mai giram 280 zuwa 340. Idan ɓawon yana da kaushi jakar ta ƙi saukowa, ƙara nauyi. Ka ajiye zare biyu, ɗaya zai maƙale wata rana.

Abin da ke ba sababbi mamaki shi ne dawowa daga ƙarshen reshe. Babu ninkin da ke rage maka nauyi, sai ka ji kamar an ɗaure ka. Ka maƙala maƙalin hannu da puli a saman ƙullinka kafin ka fita, ka ratsa jelar igiya ta ciki, ka samu jan ninki uku. Ka riƙa ratsa igiya ta gwafar da ke saman inda za ka yi aiki, don kada karkatarta ta wuce digiri 45, domin in ka zame lilo za ka yi ka bugi ganga. Sakin igiya kada ya wuce rabin mita. Duk lokacin yanka, maɗauri biyu: igiyar hawa da ta ƙugu. A Ingila ma ƙa'idar aiki yanzu ta karkata ga igiya biyu, kowace da maɗaurinta. Ƙullin tsayawa a bakin igiya kullum. Wayar lantarki ta kilobolt 11 ko 33 kuwa, kai da igiya da reshen da za ka yanke kada ku kusance ta da mita 3, a kashe wuta tukuna.

Igiyar hawa daban, ta sauke rassa daban, launinsu ma ya bambanta. Ka nisanta ta da fetur, da ruwan batir, da yashi, da zafin rana a bayan mota. A wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Kowace safiya ka bi ta da yatsu daga baki zuwa baki: inda ka ji kumburi, ko rami, ko wuri mai tauri da sheƙi, a yanke nan ko a ajiye ta.

Makon farko kada ka wuce mita 2 daga ƙasa. Ka hau, ka zauna, ka cire maƙalai, ka sauka, sau ashirin ko fiye, har hannunka ya iya ba tare da ka duba ba. Sannan a samu mutum na biyu a ƙasa da ya iya hawa, da nasa kayan a shirye, domin wanda ya suma a rataye cikin ɗamara mintoci ne gare shi. Ka faɗo mana kaurin igiyar da ke hannunka da nauyinka, sai a gaya maka yawan naɗin da ƙullin zai buƙata.