Shin NIN da allurar rigakafi ne lambar 666?

Tambaya: Baba Fasto, salama. Hankalina a tashe yake. Maigidana ya saurari wani annabi a WhatsApp, yanzu ya ce ba za a yi wa yaranmu rigakafi ba, babbar 'yarmu ma ya hana ta yin NIN, wai duk alamar dabbar nan ce mai lamba 666 ta Ru'ya ta Yohanna 13, wai mulkin magabcin Kristi ya riga ya fara. Ni kuwa ina da BVN tun tuni. Na hallaka ke nan? Ina Yesu yake a cikin duk wannan?

Amsa: 'Yata, salama. Ba ki hallaka ba, ki kwantar da hankalinki. Yesu yana inda yake tun ranar da ya hau sama, a dama ga Uba, kan kursiyi. Shi da bakinsa ya ce an ba shi dukkan iko a sama da ƙasa, Matiyu 28:18, bai ce sai nan gaba za a ba shi ba. Daniyel 7:14 ya ce mulkin Ɗan Mutum ba zai shuɗe ba. Ita dabbar da ake firgita ku da ita fa? Ki duba Ru'ya ta Yohanna 13:5, wata 42 aka ba ta, kuma ba ta aka yi, aro ne.

Wannan magana ta alama kuwa, gaskiya na gaji da ita, kusan kullum sai an zo min da ita ofis bayan sujada. Da katin ATM ya shigo an ce shi ne. Da aka kawo BVN a 2014 an ce shi ne, sai 5G, sai allurar korona, yanzu NIN, kuma ba wanda ya taɓa dawowa gaban jama'a ya ce ku yafe min na ruɗe ku, sai dai ya sake sabon bidiyo, lambar asusunsa na banki a ƙasa, asusun da ba ya aiki sai da BVN ɗin nan da yake zagi! Ki buɗe Ru'ya ta Yohanna 14:9 da kanki. Sujada ga dabbar da karɓar alamarta tare suke tafiya. Mutum ne da saninsa yake musun Yesu ya durƙusa wa wani. Ba a sa wa mai bi ita a ɓoye, ba a ɗura wa jariri ita a cinya a asibiti. Wanda ya ce allura za ta iya ƙwace ki daga hannun Kristi ya ƙaryata Yohanna 10:28, ya kuma mai da Sarkin sarakuna ƙarami, abin da ke ƙona min rai ke nan. Masu wa'azin nan sun fi sanin ƙahonin dabbar da fuskar Ɗan Ragon, alhali a sura 14 ɗin nan, aya ta fari, mutanensa na tsaye tare da shi, sunansa da na Ubansa a goshinsu. Wannan hatimin ba sa wa'azinsa, don ba ya kawo tsoro, ba ya kawo kuɗi.

Ikkilisiyoyi bakwai na Asiya da aka rubuta wa littafin sun san gwajin da ido. Ana tilasta musu su ƙona turare ga Kaisar su kira shi ubangiji. Tsoho Polikaf, shugaban ikkilisiyar Simirna, ɗaya daga cikin bakwai ɗin, da aka ce ya zagi Kristi a sake shi, ya ce shekara 86 yana bauta masa bai taɓa cutar da shi ba, yaya zai saɓi Sarkinsa. Aka kashe shi. Wa ya ce ki musunci Yesu ranar da kika dangwala yatsa a banki?

Kada ki yi faɗa da maigidan, tsoro ne ya kama shi, kuma don yana son yaran ne. Ku zauna da dare ku karanta sura 13 da 14 tare, in bai gamsu ba ku je wurin fastonku ko wani dattijon ikkilisiya da yake ganin girmansa. Amma a kai yaran rigakafi makon nan, ƙyanda ba ta jira, yarinyar kuma ba za ta iya rajistar JAMB ba sai da NIN.