Baba na so in zama likita, ni kuma hannuna ya fi faɗawa kan wutar lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 17, ina ajin ƙarshe na sakandare. Tun ina ƙarami mahaifina yake kirana "likita", kuma burinsa ke nan a kaina. Gaskiya kemistiri yana ba ni wahala, da ƙyar nake haye shi, amma ina cin lissafi da fiziks sosai. A gida ni ne mai gyaran fanka da soket da caja. Kawuna yana aikin haɗa wutar sola, ya ce in zo in koya a wurinsa da zarar na gama. Wani abokina kuma ya ce in nemi aiki kawai, tunda masu digirin ma suna zaune. Kaina ya kulle. Wace hanya zan bi, kuma yaya zan fuskanci Baba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da na fara lura da shi a saƙonka shi ne, duk hanyoyin nan uku wani ne ya miƙo maka su. Likitanci na Baba ne, sola ta Kawu ce, neman aiki na abokinka ne. Abu ɗaya ne naka na kanka a ciki: fankar nan da kake kwancewa ba tare da wani ya sa ka ba. Kada ka raina wannan. Abin da yaro yake yi don kansa, ba maki ba lada, ya fi komai faɗa mini gaskiya game da shi.

Aikin ba ɗalibai shawara kan sana'a ya samo tsarinsa ne daga wani Ba'amurke, Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin wannan aiki a birnin Boston a 1908. Abin da ya shimfiɗa abu uku ne: mutum ya san kansa, ya san aikin da yake hange, sannan ya zauna ya gwada su ya ga ko sun dace. Kai ka ɗan yi nisa a na farkon. Ka san inda ƙarfinka yake, ka san inda kake ɗingishi. Na biyun ne ba ka taɓa ba, kuma a nan yawancin ɗalibai suke faɗuwa. Sunan aiki suke zaɓa, ba su san yadda ake wuni a cikinsa ba. Ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, ta duba amsoshin yara 'yan shekara 15 kan aikin da suke sa ran yi, a gwajin ɗalibai na ƙasa da ƙasa mai suna PISA na 2018, ta ga kashi 53 cikin ɗari na mata da kashi 47 na maza duk sun taru ne a kan ayyuka goma kacal, irin su likita, malami, lauya da injiniya. Ayyukan duniya kuwa dubbai ne. Yara suna kiran abin da suka taɓa jin sunansa ne, iyaye ma haka.

Don haka kafin ka yanke komai, ka je ka gani, domin gani ya kori ji. Ka roƙi Kawu ya tafi da kai aiki sati biyu a hutun da ke tafe, daga safe har tashi. Ka hau rufin kwano da tsakar rana ka ɗaura faifan sola, ka ɗauki batir mai nauyi, ka ga yadda ake lissafa yawan wutar da gida yake sha kafin a zaɓi girman inbata da kaurin waya, ka tsaya kusa da shi ranar da mai gida ya kira cikin fushi yana cewa wuta ta ɗauke da daddare. Ka lura da kanka: wane ɓangare ne yake sa ka manta lokaci? Idan lissafin ne, da tambayar me ya sa wannan waya ta yi zafi, to akwai injiniya a jikinka kuma za ka bukaci karatu mai zurfi. Idan haɗawar ce da ganin fitila ta kama, to aikin hannu ne abincinka, kuma babu abin kunya a ciki ko kaɗan. Haka nan ka nemi likita ko ɗalibin likitanci ka zauna da shi. Kada ka tambaye shi ko aikin yana da daɗi. Ka ce ya ba ka labarin jiya, daga fitowarsa gida har komawarsa. Ka tambaye shi abin da ya fi gundurarsa, da abin da ya so a ce an faɗa masa yana shekarunka.

Game da likitanci zan yi maka magana ba rufa-rufa. A yawancin ƙasashe karatun shekara biyar ne zuwa shida, sannan a ƙara shekarar horo a asibiti kafin a ba mutum cikakken lasisi. A Amurka ma sai ka yi digirin farko na shekara huɗu kafin ka shiga makarantar likitanci ta wasu huɗun. Gurbi kaɗan ne, masu nema suna da yawa, kuma kemistiri da bayoloji su ne ƙofar shiga. Bayan ka shiga ma kemistiri ba zai rabu da kai ba, zai dawo maka a darasin sinadaran jiki da na magunguna. Sai dai ka tambayi kanka tsakani da Allah: darasin ne ba ya shigarka, ko kuwa an bar ka a baya ne tun a ajin farko? Waɗannan ciwo biyu ne daban. Ka ware wata uku ka koma tushe da malami mai haƙuri, ka yi ta warware tambayoyin jarrabawar shekarun baya. In makinka ya tashi kuma ka fara jin daɗin darasin, ƙofar a buɗe take. In ka yi iyakar ƙoƙarinka abin bai motsa ba, to ka samu amsa, kuma amsa ce da za ka iya nuna wa Baba a kan takarda.

Koyon sana'a shi ne na fi so in daɗe a kansa, saboda a nan ake samun alheri mai yawa, a nan kuma ake ɓata wa matasa shekaru. A Jamus, matashi yana sa hannu a kan yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makarantar sana'a, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa kowane wata, a ƙarshe ya zauna jarrabawa ya karɓi takardar da ake amincewa da ita a duk faɗin ƙasar. Sana'o'in da ke cikin wannan tsari sun haura 300, kuma wanda ya ci gaba ya kai matsayin ƙwararren maigidan sana'a yana da damar shiga jami'a. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa wannan hanya suke bi bayan karatun dole. Ingila kuwa tun 2015 ta fito da tsarin da mutum zai yi aiki a kamfani yana karatun digiri a lokaci guda, ba shi ke biyan kuɗin makarantar ba. Na kawo waɗannan ne don ka ga abin da ya sa koyon sana'a yake ɗaga mutum a can: akwai wa'adi, akwai jerin abin da za a koya, akwai karatu a gefen aikin hannu, akwai shaida a ƙarshe.

Da wannan ma'auni za ka auna tayin Kawu, cikin ladabi. Shekara nawa za ka yi? Me za ka iya a ƙarshen shekarar farko? Zai bar ka ka riƙa zuwa aji da yamma ko a ƙarshen mako? Akwai jarrabawar sana'a ko lasisin aikin lantarki da za ka iya nema a ƙasarku bayan ka gama? Na sha ganin yaran da suka shekara huɗu a wurin maigida, aikinsu ɗaukar tsani da miƙa sukuddireba, suka fito ba su iya karanta zanen waya ba. Yawanci ba mugunta ba ce daga maigidan, ba a zauna an yi magana ba ne tun farko. Kuma wutar lantarki tana kisa. Wanda ya koyi haɗawa bai koyi dalilin sa wayar ƙasa da fiyus ba, haɗari ne ga kansa da gidajen mutane.

Maganar abokinka ba zan tsawaita a kanta ba. Gaskiya ne akwai masu digiri da suke zaune, amma aikin da ake ba wanda ya fito sakandare jiya shi ne wanda kowa zai iya maye gurbinsa gobe. In halin gida ya tilasta ka nemi kuɗi yanzu, ka nemi aikin da zai ƙara maka wani abu a hannu, kuma ko ta halin ƙaƙa ka gama jarrabawarka da sakamako mai kyau, domin ita ce mabuɗin duk wata makaranta da za ka so komawa nan da shekara biyar.

Akwai kuma hanyar da babu wanda ya ambata maka. Tsakanin asibitin Baba da wayoyin Kawu akwai fage guda, wato injiniyancin kayan asibiti. Na'urar ɗaukar hoton ƙashi, injin wankin ƙoda, kwalabar jariran da aka haifa bakwaini, injin tace iskar oksijin, duk wani ne yake girka su, ya daidaita su, ya gyara su in sun tsaya. Ana karanta wannan a jami'a, ana kuma karanta shi a kwalejin fasaha a matakin difloma, kuma lissafi da fiziks ne ƙashin bayansa. Ban ce shi ne naka ba. Ka sa shi cikin abubuwan da za ka je ka gani, tare da injiniyancin lantarki shi kansa.

Sai Baba. Ɗana, mutumin da yake kiranka likita tun kana ƙarami, abin da yake so shi ne ya ga ka tsaya da ƙafarka, ana girmama ka, kana amfanar mutane. Likita shi ne sunan da ya sani na wannan. Kada ka je masa da "ba na so", domin abin da zai ji shi ne ɗansa yana gudun wahala. Ka je masa da sakamakonka na zango uku, da abin da ka gani a wurin Kawu, da abin da likitan ya faɗa maka, da sunan kwas ɗin da kake so da makarantun da suke yin sa da sharuɗɗan shigarsu. Ka nemi shawararsa da gaske, ka saurare shi har ya gama. In kana jin nauyin magana, ka fara da Mama ko wani malaminka da Baba yake ganin girmansa. Mai yiwuwa ba zai amince a zama ɗaya ba, ka ba shi lokaci.

Abu na ƙarshe, ranakun rufe neman gurbi ba sa jiran kowa ya gama shawara, kuma wasu suna zuwa da wuri ƙwarai. A Birtaniya, misali, mai neman likitanci yakan miƙa takardunsa zuwa 15 ga Oktoba, kusan shekara guda kafin a fara karatun. Ka je wurin malamin da ke kula da wannan a makarantarku cikin makon nan, ka rubuta ranakun ƙasarku da darussan da kowane kwas yake bukata, ka cike na jami'a da na kwalejin fasaha duka biyun ko da ba ka gama yanke shawara ba. Allah Ya yi maka jagora, Ya sa iyayenka su yi alfahari da kai.